Keken Kawu Dogara Ba Ya Taka Kwalta

Abin da na fara gani ranar da aka kawo ni gidan Kawu Dogara a Romi shi ne kujeru a waje. Kujerun falo ne masu matashi, an jingina su da bango a tsakar gida, kaza na kwance a kan ɗaya. Da na leƙa falon sai na ga dalili. Keke ne a tsakiyar ɗaki, baƙi, dogo, yana tsaye a kan tabarma, an lulluɓe sirdinsa da tsohon ɗankwali. Tayoyinsa a wanke suke tas, sun fi ƙafafuna tsabta. Mama Rifkatu, matar Kawu, ta ga inda idona ya tsaya. Ta ce in shiga in gaida mai gidan, in na gama sai in fito in gaida Kawuna.

Ku da kuka zauna da shi kun san halinsa fiye da ni. Mama ce ta ce in rubuta abin da na riƙe don a karanta wa dangi idan an taru, tunda ni in aka ce in miƙe in yi magana a gaban mutane, sai a gaji da jira.

Kawu Dogara yayan mahaifiyata ne. Ya yi aiki a masaƙa a Kakuri har ƙarfinsa ya fara ja baya, sannan ya zauna a gida. Ni kuwa daga ƙauyenmu na wajen Kachia aka kawo ni, saboda na sami gurbi a wata makarantar sakandare da ke can ɓangaren Rido. Babana manomin citta ne, kuma yana bukatar hannu a gona. Ya ce ya ba ni shekara guda. In na ci jarrabawa na shiga aji biyu, in zauna in ci gaba. In na faɗi ko aka koro ni, in dawo gida in ɗauki wuƙar tsaga citta kamar yayyena. Ba da faɗa ya faɗa ba, kuma na san ba zai sake magana ba.

Tun ina ƙauye nake jin ana cewa keken Kawu ba ya taka kwalta. Na ɗauka zolaya ce, ashe gaskiya ne. Shekaru da yawa kafin zuwana, wata yamma yana dawowa daga masaƙa, wani soja ya tsayar da shi a shinge, wai bai sauka da wuri ba. Ya sa shi ya ɗora keken a ka ya yi tsallen kwaɗo a gaban mata masu gasa masara. Kawu yakan ce tsallen bai dame shi ba, ai motsa jiki ne. Abin da ya ƙona masa rai shi ne da ya gama, sojan ya durƙusa ya sace masa iskar tayoyin duka biyu, iskar da shi da kansa ya buga da safe. A wurin ya rantse cewa tayarsa ba za ta sake taɓa titin gwamnati ba sai soja sun koma bariki.

Mutane suka ce mako guda zai yi ya manta. Soja suka zauna, wannan ya tafi wancan ya zo, Kawu ma ya zauna a kan bakansa. A cikin waɗannan shekarun ya san kowane burtali da kowace 'yar hanya da ke bayan gari, daga Kudenda har Rido. In ta kama dole ya tsallaka titi, sai ya sauka, ya saɓa keken a kafaɗa, ya kau da kai gefe kamar mai wuce ƙofar wanda suke gaba, ya ajiye shi a ƙasa a ɗaya ɓangaren. Direbobi sun san shi. Wasu har rage gudu suke yi don fasinjoji su kalla.

In za a je makarantarmu ta titi, sai an shiga bas biyu, an yi zagaye ta Sabon Tasha. Kawu ya ce wannan aikin marasa tunani ne, shi zai riƙa kai ni ta bayan gari. Ya ninka buhu ya ɗaura a kariyar bayan keke, na hau, muka bi ta bayan coci. Gidaje suka ƙare, sai tubalan da ba a gama ginawa ba, sai gonaki. Ban taɓa zaton akwai shiru irin wannan kusa da Kaduna ba. Ba ka jin komai sai ƙarar sarƙar keke da kukan kurciya. Raɓa na jiƙa mini safa. Dawa ta yi tsayi har ta rufe mu hagu da dama, sai kuma hanya ta buɗe a gindin wata babbar ɗorawa. Daga nan akwai rugar Fulani, inda karnuka suka san ƙararrawar Kawu, ko ɗaga kai ba sa yi. Sai gangara zuwa fadama, da rake da gwaiba, sai wani rafi da aka shimfiɗa wa katako biyu. In ka hau tudun da ke bayan rafin, za ka hango dogayen bututun matatar mai can nesa, makarantarmu kuma tana kafin ka kai su.

Hanyar gajera ce, wannan gaskiyar Kawu ce. Matsalar ita ce Kawu.

Kullum akwai fartanya ɗaure a jikin kekensa. Ya ce titi na gwamnati ne, shi ya sa kowa ke zagin kowa a kansa, amma wannan hanyar ta masu gona ce, aro suka ba mu. Don haka duk manomin da muka tarar, sai Kawu ya sauka. Ba sannu kawai ba. Sai ya tambayi gajiya, da iyali, da ruwa, da ƙafar da ta kumbura wancan makon, da akuyar da ta ƙi cin abinci. Inda kuwa hanya ta ratsa tsakiyar gona, sai ya kwance fartanya ya nome kunya guda, ko ya taya ɗaure dami in lokacin girbi ne. Ni ina tsaye riƙe da keke cikin farar riga, ina kallon inuwata tana gajarta.

A bakin rafin akwai gonar doya ta wata tsohuwa 'yar Gbagyi, kowa Kaka yake ce mata. Ita da surukanta mata suke aikin gonar. Ranar farko na durƙusa na gaishe ta yadda na saba, wato leɓena ya motsa. Ta dube ni sama da ƙasa, ta tambayi Kawu ko kurma ce ya ɗauko.

Ya ce, "Ba kurma ba ce, Kaka. Tanadin murya take yi. Jinin gidanmu ne, ba ma ɓarna."

Tun daga ranar ta sa mini suna Kurma, shi kuma Kawu yake kirana Malama Shiru.

A makaranta akwai malamar da ke tsare ƙofa da safe. A cikin makarantar take zaune, don haka ba ta san wani abu wai shi nisa ba. Da farko ta sa ni tsintar takardu. Daga baya ta koma sa ni durƙuso a kan tsakuwa. Sai wata rana ta kira ni gefe ta ce akwai yara da yawa da ke neman gurbin da nake wasa da shi, in ban daina makara ba za a ba wani. Ban faɗa a gida ba. Mama ce ta ga sawun tsakuwa a gwiwoyina ina wanke-wanke, ta tsare ni har na faɗa.

Ranar an yi ta. Mama ta ce gobe bas zan shiga, ita za ta riƙa biya daga cinikin kununta. Kawu ya ce ba wanda zai fita daga gidansa ya biya kwandasta kuɗi don a zage shi. Lokacin kuwa ana ta hada-hadar zaɓe, rediyo ba ta da wata magana sai ta miƙa mulki ga farar hula. Sai Kawu ya ce tunda ƙasa tana koyon zaɓe, gidansa ma ba za a bar shi a baya ba, a kaɗa ƙuri'a.

Ranar Lahadi bayan an taso daga coci aka yi. Malam Sani mai facin taya, abokin Kawu tun zamanin masaƙa, yakan zo daga Makera duk Lahadi da yamma ya sha kunu su yi gardama. Shi aka naɗa baturen zaɓe. Kawu ya ce zaɓen layi za a yi, kowa ya tsaya a bayan abin da yake so, ba ɓoye-ɓoye. Ya fito da keken ya kafa a tsakar gida. Mama ta kife kwandon kwanuka ta ce shi ne bas, ta tsaya a bayansa. Bulus, ɗansu da ke aiki a wani kamfani a Kudenda, ya dubi babansa, ya dubi tukunyar da ke kan wuta, ya je ya tsaya a bayan uwarsa. Ni na tsaya a tsakiya ina kallon yatsun ƙafata, har Malam Sani ya gaji ya ce ƙuri'ata ta lalace. Kawu ya nemi a ƙirga keken, tunda shi ma a gidan yake kwana, kuma tayoyinsa biyu. Baturen zaɓe ya ƙi. Ya sanar cewa bas ta ci.

Kawu ya gyara hula, ya yi gyaran murya irin ta masu jawabi a rediyo, ya ce saboda wasu dalilai na tsaro an soke wannan zaɓen.

Malam Sani ya ajiye kofin kunu ya ce, "Dogara, ashe sojan da kake jira ya tafi, a gidanka yake kwana."

Mama ta yi dariya har ta zauna a kan kwandon. Da aka natsu, Malam Sani ne ya kawo mafita. Ya ce ba hanya ce ke makarar da yarinya ba, direba ne. A ba ta nata keken, shi ya tsaya ya yi ta gaisuwarsa har la'asar in ya ga dama.

Kawu ya yarda, amma maganar saye ba ta taso ba. Ya tono gangar jikin wani tsohon keke daga bayan rumfar Malam Sani. Sirdi ya fito daga wani wuri, feda ɗaya baƙa ɗaya ja. Da aka zo kan robar cikin taya, sai ya ɗauko wata da ya ɓoye a ƙarƙashin gado tun kafin a haifi Bulus. Malam Sani ya ɗaga ta sama yana juyawa, ya ce shi dai ya ga faci, a nuna masa inda robar take. Kawu ya ce ai faci a kan faci ya fi sabuwa ƙarfi, sabuwa ba ta san wahala ba. Abin haushin shi ne har yau robar nan ba ta taɓa sacewa a hanya ba.

Ƙararrawa ce kawai ya hana a sa mini. Malam Sani ya ce yana da tsohuwa, kyauta zai bayar. Kawu ya ce a'a, mai baki ba ya bukatar ƙararrawa. Mama ta ce to shi ke nan, a fara ba awakin Romi haƙuri tun yanzu.

Koyarwarsa ma irin tasa ce. Bai taɓa riƙe mini sirdi ba. Yakan hau nasa ya wuce gaba yana ba ni labarin masaƙa ba tare da ya waiwayo ba, ni kuma ina baya ina faɗuwa ina tashi. Ranar da na afka cikin gonar rogon wani mutum na karya masa itace uku, Kawu ya dawo ya duba rogon tukuna, sannan ya duba keken, sannan ya tambaye ni ko na ji ciwo. Amma kafin Kirsimeti na iya.

Saura maganar aron hanya. Tunda ni ba zan tsaya noma ba, sai Kawu ya mai da Asabar ranar fita shi kaɗai, ya bi gonakin ɗaya bayan ɗaya yana yin aikin da ya ce nawa ne na mako mai zuwa. Ranakun makaranta kuma tare muke fita, shi ya tsaya a gona ta farko, ni in wuce. Nakan sunkuyar da kai in motsa baki in na ga mutum. Kawu yakan dawo da ƙorafi cewa manoma sun ce wani farin abu ya gifta da safe, ba su sani ba ko mutum ne ko balbela. Amma na daina makara, malamar ƙofa ta daina kallona.

Mama dai hankalinta bai kwanta ba. Ta ce rani ne ya rufa mana asiri, damina na zuwa, kuma jarrabawar ƙarshen shekara a tsakiyar ruwa take faɗowa. Abin da ta sa rai a kai shi ne ranar miƙa mulki. In soja suka tafi, rantsuwa ta cika, Kawu zai koma titi kamar kowa, ni ma in bi titi.

Ranar ta zo. An ji rantsar da sabon shugaba a rediyo, mutane suka yi ta murna, amma a layinmu ba wannan ake jira ba. Kowa ya fito bakin titi don ya ga keken Dogara a kan kwalta. Mama ta ɗaura zanen zumuntar matan coci. Malam Sani ya rufe rumfa ya zo da famfo, ya ƙara wa tayoyin iska da hannunsa. Kawu ya fito cikin kwat ɗinsa ta zuwa coci, ya turo keken har bakin kwalta, ya tsaya ya yi 'yar addu'a. Sannan ya ɗora tayar gaba. Mata suka yi guɗa. Ya hau, ya miƙe zuwa wajen gidan mai, bayansa a miƙe kamar sanda, yara na bin sa da gudu.

Muna hango shi yana ɗaga hannu ga duk motar da ta wuce. Wata bas ta matse shi gefe, kwandastan ya leƙo ya faɗa masa wata magana da ba zan rubuta ba. Ya juyo a hankali, ya dawo inda muke, ya sauka. Sai ya sunkuya ya saɓa keken a kafaɗa, ya taka zuwa ƙasa, ya ajiye shi.

Ya ce, "Na gaida motoci har hannuna ya gaji, ba wadda ta amsa. Ashe duk shekarun nan ina fushi da abin da bai ma san ina yi ba. Ku riƙe kayanku."

Mama ta kwance ɗankwali ta sake ɗaurawa. Ta ce wato soja sun tafi, ciwon ya zauna.

Da makon jarrabawa ya matso, Mama ta ce wannan karon ba zaɓe ba shawara, bas zan shiga, domin a makarantarmu in an raba takardu ana rufe ƙofa, wanda ke waje ya yi ta zama a waje. Kawu ya ɗauki tsumma ya shiga goge tayoyin kekensa. Wannan ya fi gardamarsa ba mu tsoro.

Ranar farko ruwa ya sauko tun asuba. Kwanakin nan kuma man fetur ya yi wuya, motoci sun yi layi a gidajen mai har ba ka ganin ƙarshensu. Muka fita bakin titi ni da Mama da lema ɗaya, muka tarar da mutane cike, ma'aikata da 'yan kasuwa da 'yan makaranta. Bas ɗin da ta zo a cike take, mutane na lilo a ƙofa, ko tsayawa ba ta yi ba. Wadda ta biyo ta ma haka. 'Yan acaɓa ko ɗaya babu. Ina ta tuna warin ɗanyar citta a hannu.

Sai na lura da wani abu a bayanmu. A gindin mangwaron da ke bakin layinmu, can inda ƙasa take, Kawu na zaune da buhu a ka, yana ɓare dafaffiyar gyaɗa. Kekuna biyu na jingine da bishiyar. Bai kalle mu ba ko sau ɗaya. Na taɓa hannun Mama na nuna mata. Ta kalla, ta kau da kai, ta ci gaba da kallon titi. Wata bas ta sake wucewa ta watsa mana ruwa. Mama ta ja numfashi, ta kama hannuna muka isa gindin mangwaron.

"Baban Bulus."

"Na'am, Maman Bulus. Ya ruwa?"

"Ka kai ta."

"A sake zaɓe ke nan?"

Mama ta ɗaga hannun da ke riƙe da lema sama, ruwa na zuba a fuskarta. Kawu ya miƙe, ya duba hagu ya duba dama kamar mai ƙirga taro, ya ce ba hamayya. Ya ba ta sauran gyaɗar, muka hau.

Ban taɓa ganin Kawu ya tuƙa keke kamar ranar ba. Laka na tashi ta bayansa tana sauka a rigata. Inda ruwa ya kwanta ya san gefen da ke da tauri, ni dai sawun tayarsa nake bi. Mun wuce mutum biyu a gona bai sauka ba, sai dai ya ɗaga murya ya ce a yi masa haƙuri, yana dawowa ya yi gaisuwar daga farko. Muka wuce ɗorawa, muka wuce ruga, muka gangara fadama. A nan muka tsaya, domin katakon rafin babu su. Ruwa ja ne ke gudu, ya cika har bakin rake.

Can tsallake, a kan tudu, Kaka da surukanta na fake a wata 'yar rumfar kara, sun ba mu baya. Na dubi Kawu. Ya jingina kekensa, ya zauna a kan dutse, ya cire hula ya fara matse ta a tsanake. Na dubi ƙararrawarsa. Ya miƙa hannu ya rufe ta da hular.

Ya ce, "Ba ni zan rubuta jarrabawa ba, Malama Shiru."

Na matsa bakin ruwa na ce sannunku. Kawu ya ce ko shi da ke kusa bai ji ba, amma wataƙila kwaɗi sun ji. Na sake, ƙarar ruwa ta haɗiye. Sai na rufe ido na buɗe baki gaba ɗaya. Ban san abin da zan faɗa ba sai abin da na yi watanni ina ji, don haka gaisuwar Kawu ce ta fito, daga farko har ƙarshe, da 'yan kalmomin Gbagyin da yake haɗawa da su. Na tambayi gajiya, na tambayi iyali, na tambayi ruwa. Har akuyar na tambaya.

Da na buɗe ido, duk sun juyo. Kaka ta riƙe ƙugu tana dariya, tana faɗa wa surukanta cewa Kurma ta yi magana, kuma har akuya ta tambaya. Suka gangaro. Sun san inda dutse ya shimfiɗu a ƙarƙashin ruwan, ɗan sama da inda katakon yake. Matan Gbagyi ba sa ɗora kaya a ka, a kafaɗa suke ɗauka, haka kuwa aka yi da ni. Babbar surukar ta ɗora ni a kafaɗarta kamar ƙwaryar doya, jakata a kaina, ta ratsa ruwan da ya kai mata ƙugu. Wata ta ɗauko kekena. Ta uku ta miƙa hannu za ta karɓi na Kawu, ya ce Allah ya sawwaƙe. Ya naɗe wando, ya saɓa abinsa, ya shiga ruwa yana cewa shekara da shekaru yana atisayen wannan ranar, mutane na ce masa mahaukaci.

Mun isa ƙofa tana buɗe. Malamar na tsaye da lema da kwaɗon kulle ƙofa a hannu. Ta dubi rigata da ta koma ja, ta dubi agogonta, ta matsa gefe. Ina shiga na ji Kawu ya sauka daga keke ya fara gaishe ta. Har na zauna a aji ina hango su ta taga, tana amsawa ɗaya bayan ɗaya, ta rasa hanyar tsira. Bulus ya ce da gangan ya yi, don waɗanda ke tafe a guje su samu shiga kafin ta rufe. Kawu ya ce shi bai san wannan ba, gaisuwa ce ta kama.

Da yamma tun daga gona ta ƙarshe ya fara kaɗa ƙararrawa, bai daina ba har ƙofar gida. Kafin Lahadi duk Romi ta ji labari, kuma kullum ruwan ƙaruwa yake yi. Ranar Talata ƙugu ne, ranar Alhamis ƙirji, a ƙofar coci kuwa ya kai wuya, kuma akwai abin da ya taɓa masa ƙafa wanda bai so ya faɗi sunansa a gaban yara. Mama na tsaye a gefe, ba ta ƙaryata shi ba ko sau ɗaya. Sauran kwanakin jarrabawar ita ce ke tashinmu, ta tura mu ta bayan coci. Malam Sani ya zo da tsohuwar ƙararrawar nan a aljihu, ya ce yanzu dai yarinya ta ci kyauta. Kawu ya karɓa, ya juya ta, ya mayar masa. Ya ce da ba ta da baki ma bai sa mata ba, yanzu da ake jin ta daga Rido me za ta yi da ita?

Na ci jarrabawar. Babana ya aiko da rabin buhun citta da saƙo cewa in zauna. Kawu ya raba cittar gida-gida a kan hanyarmu, ya ce su ne suka ci, ni rubutu kawai na yi.

Yanzu ina aji biyar. Kawu ya rasu bara bayan girbi, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Ranakun zaman makoki tsakar gidanmu ta cika da mutanen da Mama ba ta taɓa gani ba, wasu da doya, wasu da ƙwaryar nono, wasu hannu kawai. Kowa ya zauna ya yi gaisuwa doguwa, ba mai sauri. Malam Sani ya zauna a bakin ƙofa kwana uku bai yi gardama da kowa ba. Allah ya jiƙan Kawu Dogara, ya gafarta masa taurin kansa, ya ba shi hutawa a wurinsa. Allah ya ta'azantar da Mama, ya saka wa duk wanda ya taɓa ba shi hanya.

Har yanzu ta nan nake bi. Gari yana matsowa, inda dawa take a da yanzu harsashin gini ne. Makon jiya na tarar an sauke yashi da tubali a gefen gonar Kaka, babban ɗanta na tsaye da magina suna ja da igiya daga tudu har bakin ruwa. Na sauka na gaishe shi yadda ya kamata, ya amsa, ya tsaya yana jira don ya ga ban hau ba. Na ɗaga murya na faɗa yadda zai ji.

Na ce, "Baba, don Allah in za ku ja katangar, ku bar mana faɗin keke ɗaya ta gefen rafi."